Kawuna Bai Mutu a Ruwa Ba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu kuma ya riga mu. Wannan ba abin gardama ba ne. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganganun da na ji da kunnena a zaman makokinsa, a gidan Umma da ke Old Trafford, ranar da mata suka cika falo har kan matakalar bene, maza kuma suka takure a ɗakin gaba saboda ruwan sama.

Duk wanda ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙansa, mu ce amin, ya ɗan saurara, sannan ya kawo "amma". Amma dai ya wahalar da 'yan'uwa. Amma dai dattijo kamarsa bai kamata ya ƙare rayuwarsa a kwale-kwale ba. Wata baiwar Allah da ta zo daga Birmingham, wadda ban taɓa gani ba, ta kama hannun Umma tana matsar hawaye ta ce, "Hajiya, sai haƙuri. Aka ce sai da coastguard, masu ceto a teku, suka tsamo shi." Kafin la'asar labarin ya isa gida. Aka bugo waya daga zangon Sekondi a Ghana, inda aka haifi Kawu da Umma, ana tambaya ko an samu gawar.

Umma tana ta jan carbinta. Ni ina raba shayi cike da haushi. Mutum ɗaya ne ya faɗi maganar da ta sanyaya mini rai a ranar, shi ne Baba na Ardwick, aminin Kawu, mutumin Jos, Kirista, tsohon direban tasi. Yana zaune a bakin ƙofa da hularsa a kan gwiwa. Da aka sake ambatar kwale-kwale sai ya ce, "Ba kwale-kwale ba ne. Gidansa ne. Ni na zauna a ciki." Ba wanda ya tanka masa.

To ni zan tanka. Kawuna, yayan mahaifiyata, bai mutu a ruwa ba. A kan gado ya cika, a cikin gidan nan da aka zauna ana cin waakye, shinkafa da waken Ghana, ana gulmarsa. An yi masa wanka, an sallace shi, an binne shi a ƙasa. Ba da sauƙi ya samu wannan kabarin ba, kuma ina so a san yadda ya same shi.

Kawu ya zo ƙasar nan yana saurayi, ma'aikaci a jirgin dakon kaya. Ya sauka a Liverpool bai koma ba. Ya yi aikin masana'anta a Manchester, ya yi gadi, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya ɗaya, matarsa ta rasu, ya yi ritaya. Kowa ya zaci zai yi abin da tsofaffinmu ke yi, wato ya zauna a flat ɗin council, gidan hayar hukuma, ya riƙa kama sahun gaba a masallaci, yana ba da labarin gidan da zai gina a Ghana. Sai ga shi a farkon shekarun dubu biyu ya mayar wa council mabuɗinsu, ya samo wani tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya kwashe tukwanensa da dardumarsa da rediyonsa ya tare a ciki.

Jirgin bai kai bas tsawo ba. A ciki akwai gado biyu, da murhun gas mai lilo don kada tukunya ta kife, da wani ɗan banɗaki da sai mutum ya shiga da baya. In sanyi ya shigo yakan ɗaure shi a tashar ƙananan jirage ta Liverpool. In gari ya yi ɗumi sai ya kwance igiya ya bi gaɓa, daga wannan gari zuwa wancan, ta Wales, wani lokaci har Scotland, ya dawo kafin sanyi ya kama shi.

Ina wurin ranar da ya zo ya gaya wa Umma. Kafin wani ya ga laifinta, ya kamata ya san dalilinta. Suna da babban wa, wanda ya shiga jirgin kamun kifi a Sekondi tun Umma na yarinya, jirgin bai dawo ba. Ba gawa, ba wanka, ba kabari. Kakarmu har ta bar duniya ba ta yarda an yi masa sadakar arba'in ba, ta ce ba wanda ya nuna mata ya mutu. Da wannan Umma ta girma.

Ta miƙe tsaye a kansa ta ce, "Yaya, so kake ka maimaita mini? Ɗaya bai isa ba?"

Ya ce, "Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba. Mutum in ya tsufa kusa da masallaci yake nema, kusa da maƙabarta. Kai kana neman inda kifi zai cinye ka. Wa zai yi maka wanka? Wa zai tsaya a kanka?"

Kawu ya shanye shayinsa tas, ya ajiye kofin a ƙasa. Ya ce, "Na ji ki. Jirgin dai ba zan bari ba. Amma ga abin da zan iya yi miki. Ba zan taɓa fita ranar da teku ba ta so ba, ko wa ya kira ni, ko me ake yi. In lokacina ya zo, in Allah ya yarda, a hannunki zan mutu. Ki riƙe ni da wannan."

"Ajalin a aljihunka yake?"

"A'a. Rediyo ne a aljihuna."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta rantse ƙafarta ba za ta taka jirgin nan ba, kuma ba ta taka ba. Sai dai duk lokacin da zan je wurinsa sai ta cika mini jaka da gari da kwalbar soyayyen yaji na shito da busasshen kifi, tana ɗaurewa tana mita cewa ita ba ta ce a kai masa ba.

Ta haka na fara zuwa. Na je kai abinci, na yi amai ranar farko, ya yi mini dariya har da hawaye, daga baya ya koya mini tuƙi. Ba yarinya ba ce ni a lokacin, ina da aurena da 'ya'yana. A gidan kula da tsofaffi nake aiki a Ardwick, saboda haka na fi kowa sanin abin da Kawu yake gudu. Kullum ina ganin dattawa irinsa, mutanen da suka riƙe gida da iyali, an jera su gaban talabijin suna jiran wata kamata ta zo ta ce lokacin kwanciya ya yi. Muna kula da su tsakani da Allah. Amma ba ɗayansu da ke cewa ga inda zai kwana gobe.

Wanda bai zauna da Kawu a jirgi ba zai zaci mai kasada ne. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai tsoron teku kamarsa ba. Bayan sallar asuba akwai muryar da ke karanta hasashen yanayin teku a rediyo, yanki bayan yanki. In ta fara, ko tari ka yi sai ya harare ka. Yana gama saurare sai ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa wani abu mai kama da agogo da ke rataye a bango, mai auna nauyin iska. In allurarsa tana hawa, gari zai yi kyau. In tana sauka, iska mai ƙarfi na tafe. Sannan ya leƙa waje ya daɗe yana kallon sama. Sai ukun nan sun yarda da juna yake kwance igiya. In ɗaya ta ƙi, ya ɗora tukunya ya ce yau ranar wanki ce.

Saboda haka ba ya sa rana. Ka tambaye shi, "Kawu, yaushe za ka zo?" sai ya ce, "In iska ta juya." Biki nawa ya wuce shi, suna nawa aka raɗa ba ya nan, yana maƙale a wata tasha yana jiran guguwa ta wuce. Mutanenmu suka ce girman kai ne. Mu da muke cewa in Allah ya yarda alhali mun riga mun biya hall ɗin biki, mu muka ga laifin mutumin da in ya faɗe ta da gaske yake nufi.

Sallarsa ma abin kallo ce. In ya jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ruwa, a wani lungu na gaɓa, jirgin yakan riƙa juyawa da iska. Sai ya ajiye kamfas a gefen darduma, yana sallah yana ɗan gyara tsayuwa don kada alƙibla ta kuɓuce masa. Yakan ce shi kaɗai ne a jama'armu da ke neman alƙibla sabuwa kowace raka'a, sauran sun bar wa kafet ɗin masallaci aikin.

Shekarar da matar Baba na Ardwick ta rasu, Baba ya kulle kansa a gida, ko coci ya daina zuwa. Kawu ya hau jirgin ƙasa ya je, bai yi masa wa'azin haƙuri ba, ya dai ce masa ya ɗauko rigar sanyi yana neman mai yanka masa albasa. Ya tafi da shi, suka yi wata da watanni suna bin gaɓa. Baba ya gaya mini cewa duk ranar Asabar sai Kawu ya yi dabarar da za su kwana a garin da ke da coci kusa da tasha. In iska ta hana, sai ya ce masa, "To yi waƙoƙinku a nan, ni zan shiga ciki in yi wanke-wanke." Baba ya dawo Manchester ya yi baƙi, ya yi ƙiba, yana magana.

Rigimarsa da 'yarsa ita ce ta fi ciwo. Taubashiyata ce, tana aure a Perry Barr, a Birmingham. Lokacin da aka fara gano ciwon zuciyarsa ta zo ta ɗauke shi. Ta gyara masa ɗaki, sabon kafet, sabon gado, talabijin nasa shi kaɗai. Bai yi mako biyu ba ya kira ni yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "'Yata, garin nan ba teku ta kowace kusurwa. Na tambaya." Duk da haka bai fasa kunna rediyo da asuba ba. Jikokinsa suna leƙowa suna dariya, ƙaramar ta ce masa, "Grandad, there's no sea in Birmingham." Ya yi azumi a can, aka yi sallah, washegari ya ɗauki jakarsa.

Taubashiyata ta tare ƙofa tana kuka. Ta ce, "Baba, me na rage ka da shi? Mutane za su ce na kore ka."

Ya ce, "Ba ki rage ni da komai ba. Shi ne damuwar. Ko kofin da na sha shayi ba a bari in wanke."

Ban ga laifinta ba, har yau. Ta yi abin da aka koya mana 'ya ta gari tana yi. Ta daɗe ba ta ɗaukar wayarsa, kuma abin ya ci shi fiye da yadda ya nuna.

A shekararsa ta ƙarshe likitansa ya ce masa kada ya fita. Ya fita, sai dai bai yi nisa ba, ya tsaya a arewacin Wales. Wajen ƙarshen lokacin ɗumi ya kira ni daga wata ƙaramar tasha, tafiyar yini ɗaya a ruwa daga Liverpool. Tun daga muryarsa na gane. Yana faɗin kalma biyu yana tsayawa neman numfashi. Ya ce ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Dangi suka taru suka yanke shawarar da muka sani, wato a tura masa dattawa. A wurinmu in manya suka ɗauki ƙafa suka zo har ƙofarka, ba ka mayar da su hannu rabbana. Aka haɗa Malam Liman, da mijin taubashiyata, da wasu dattawan Old Trafford da na Perry Barr, aka cika ƙaramar bas, Baba na Ardwick ya ja. Aka tafi da ni don ni kaɗai na san inda jirgin yake.

Ba zan manta shigarsu tashar ba. Hanyar zuwa jirgin ta katako ce mai iyo a kan ruwa, tana motsi in an taka. Ga dattawa cikin manyan riguna, iska na kumbura su, kowa hannu ɗaya a kan hula ɗaya a kafaɗar na gabansa. Turawan da ke wanke jiragensu suka dakata suna kallo. Kawu ya tarbe su da fara'a, ya cusa su ciki gwiwa na gugar gwiwa, ya sa na dafa shayi. Jirgin a ɗaure yake, lilo kaɗan yake yi, amma kafin shayi ya tafasa wani dattijo ya nemi a ba shi hanya ya fita shan iska.

Malam Liman ya yi magana mai tsawo, kuma mai kyau. Ya yi maganar haƙƙin jiki a kan mai shi, da haƙƙin 'yan'uwa, da halin da Umma ke ciki. Kawu ya saurara kansa a ƙasa.

Da aka gama ya ce, "Malam, na gode da tattaki. Kun fi ƙarfin in ce muku a'a. Zan dawo gida. Amma da jirgina zan dawo."

Malam ya ce, "Ga mota a waje, Alhaji. Me jirgi zai yi maka yanzu?"

"In na bar shi a nan na shiga motarku, an ɗauko ni ke nan. Daga ranar sai dai a yi ta ɗaukata ana ajiyewa. Da ƙafata na fito, ku bar ni in koma da ƙafata."

Surukinsa ya ga ƙofa ta buɗe, ya ce, "To Baba, ka taso gobe mana. Look at the sky, ko gajimare babu. Appointment ɗinka na hospital jibi ne, da ƙyar aka samu."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi abin nan na bango. Ya ce, "Ba gobe ba. Allura na sauka, forecast ma bai yi mini ba."

Sun zo da girmansu, an ba su rabin abin da suka nema, ragowar rabin kuma an ce sai abin da wata allura ta ce. Malam Liman ya miƙe, kansa ya bugi rufin jirgin, ya gyara hula ya ce, "Yanzu mu koma mu ce wa Hajiya me?"

"Ku ce mata ina kan maganata."

Suka tafi. Ni na zauna, na buga wa wurin aiki waya na ce ban san ranar dawowata ba.

Masu gulma suna son wannan wurin, don haka bari in ba su shi da hannuna. Guguwar da Kawu ya jira ba ta zo ba. Ta bi ta arewa ta wuce. Washegari rana ta fito, jibi ma haka, teku kwance lumui, mu kuma muna ɗaure a tasha, ranar asibiti ta wuce. Na ce masa, "Kawu, ka ga da mun tafi." Ya ce ya sha zama don iskar da ba ta zo ba, kuma ba ta taɓa cin masa komai ba sai kwanaki. Na ce kwanakin ne ba shi da su. Ya ce ya sani.

Kafin allurar ta gamsar da shi, sai mugun yanayi na gaske ya sauko, ya kuma ƙi wucewa. Ruwa ba dare ba rana, iska na kuka a igiyoyin jirage, taguwar ruwa na dukan bangon tasha tana tsallakowa. Kawu ya daina iya kwanciya, a zaune yake barci da matasai a bayansa. Na nemo likitan garin ya zo har cikin jirgi, ya ba shi ƙwayoyin rage kumburi, ya ce asibiti ya kamata ya tafi. Kawu ya yi masa godiya da Turanci mai kyau, ya ce zai tafi, na Liverpool. Kowace safiya Umma na kirana. Ba ta yarda in ba shi wayar, tambaya ɗaya take yi, "Yana numfashi?" Wata rana ya sa na ɗaga katifarsa, ya nuna mini likkafaninsa da ya zo da shi daga Makka, a naɗe cikin leda. Ya ce in san inda yake kawai.

Sai wata safiya iska ta ɗan lafa. Rediyo ta ce sassaucin ba zai daɗe ba, wata iskar na biye kafin yamma. Tsoro ya riga ya cika ni. Na ce masa mu fita yanzu, mu yi sauri, wataƙila mu riga ta. Ban zaci zai saurare ni ba, amma sai na ga ya jawo rigar ruwansa ya sa. Ya hau matakala da ƙyar, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hanyar fita daga tasha. Ya daɗe a tsaye. A ranar na gane cewa duk cikinmu ba wanda ya kai shi son tafiyar nan. Ya san jikinsa, ya san Umma na can tana jira.

Ya sauko ya tuɓe rigar ya rataye.

Ya ce, "In muka fita yau, zuciyar nan ta tsaya a tsakiyar hanya, ke kaɗai ce da gawa da iska. Ba za ki iya shigar da shi kogin Mersey a haka ba. Sai a rasa mutum biyu, kuma duk asarar a kan mace ɗaya."

Na ce, "To mu kira taxi."

"Shi ma a'a."

Na ɗaga masa murya yadda ban taɓa ɗaga wa babba ba. Na ce ya zaɓi ɗaya, ko ya tafi ta ruwa ko ya tafi ta ƙasa, ba zai zauna ya mutu mini a tsakani ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in duba ko akwai sauran madara. Mutane na cewa taurin kai ne. E, taurin kai ne. Kawu yana son kabari, yana kuma son mutuncinsa, ya ƙi a sa shi ya sayar da ɗaya ya sayi ɗaya. Ni ban ga inda hakan ya zama laifi ba.

Iskar da aka ce tana tafe ta zo da azahar, kuma ta zo da ƙarfinta. Muka ci gaba da zama.

Ranar da abin ya buɗe, ni na fara ji, domin shirun ne ya tashe ni. Muka yi asuba, rediyo ta yi magana mai daɗi, allura na hawa, sama ta washe. Kawu ya ce, "Kwance igiya." Ƙofar tashar ba ta buɗuwa sai teku ta ciko, ta kuwa ciko daidai lokacin. Na tokare shi da matasai a kusurwar wurin tuƙi, na lulluɓe shi da bargo, na ɗaga ƙyallen jirgi, iska mai sauƙi ta tura mu daga baya. Ni ke tuƙi, shi yana nuni da yatsa, dama kaɗan, hagu kaɗan. Da rana ta take ya yi barci. Idona ɗaya a kan kamfas, ɗaya a kan bargon, ina duba ko yana ɗagawa. Ban taɓa yin addu'a irin ta yinin nan ba, kuma ban roƙa masa tsawon rai ba. Cewa nake yi, ya Allah ka bari mu taɓa ƙasa.

Ya farka muna shiga Mersey, manyan jiragen kaya na wuce mu. Ya gyara zama ya karɓi tuƙin. Ya ce wannan wurin ba na 'yan koyo ba ne. Shi ya shigar da mu tasha wajen la'asar sakaliya. Na ɗaure igiyoyi, ya ce in bar masa ta ƙarshe. Ya durƙusa a kan katako yana haki, yatsunsa a kumbure, ya daɗe yana fama da ƙulli ɗaya. Na juya baya don kada ya ga ina kallo.

Motar Baba na Ardwick na tsaye a sama, bakin gangaren da ke saukowa wurin jirage. Umma ta fito daga ciki. Ta tako har inda siminti ya ƙare katako ya fara, ta tsaya cak. Kawu ya fara hawa. Na miƙa masa hannu ya ture. Yana taku kaɗan yana riƙe ƙarfe yana hutawa, ita kuma ba ta matso ba, ba ta kuma ɗauke ido daga kansa ba. Da ya iso ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Ka rame."

Ya ce, "Ke kin yi ƙiba."

Sannan ya saki ƙarfen ya jingina da ita. Umma ƙaramar mace ce, amma ita kaɗai ta kai shi mota.

A asibiti suka ce ba abin da ya rage sai a sauƙaƙa masa. Aka dawo da shi ɗakin gaba na gidan Umma. Taubashiyata ta zo daga Birmingham da jakarta, ba wanda ya tada tsohuwar magana, ita ke ba shi kunu a baki yana karɓa. Bai daɗe ba. Ya cika wata rana da hantsi, kansa a kan hannun Umma, tana laƙƙana masa kalmar shahada yana bi. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa har da taurin kan in laifi ne. Wanda zai yi masa addu'a ya yi, ya tsaya a amin.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, Umma ta ce a kai ta ta ga kabarin. Aka ce mata ai mata ba sa zuwa maƙabarta. Ta ce ba shawara ta nema ba, a kira mata Baba na Ardwick. Muka tafi mu uku. An kwana ana ruwa, irin na Manchester, kuma bai tsaya ba. Ƙasar wurin yumɓu ce. Da muka isa sashen Musulmi sai muka tarar sabon kabarin ya ɗan lotsa a tsakiya, ruwa ya taru a kai ya kwanta.

Umma ta tsaya tana kallon ruwan nan. Na zaci kuka za ta yi, na matso don in riƙe ta. Sai ta miƙa mini lema da carbinta, ta tattare zani, ta durƙusa a cikin taɓo. Ta haɗa tafin hannuwanta ta fara kwarfe ruwan tana watsarwa gefe.

Na ce, "Umma, ruwa ake yi. Zai sake taruwa."

Ba ta dube ni ba. Da ruwan take magana, muryarta ko rawa ba ta yi. Ta ce, "Ka ci ɗaya. Wannan nawa ne. Ba ka same shi da rai ba, ba kuwa za ka kwanta a kansa ba."

Baba ya cire hularsa ya karɓi lemar daga hannuna ya riƙe mana. Na durƙusa kusa da ita na sa hannu. Muka yi ta kwarfa har ƙasa ta fito.